AMOSANIN GAƁOƁI: DON ME YA FI CIN TALAKA?

Da wuya a sami garin da babu irinta. Mace ce wadda ba ta tsufa ba tukuna, watakila shekarunta ba su wuce 45 ba, amma yatsunta sun karkace sun nufi gefe ɗaya kamar dawar da iska ta kwantar. Ba ta iya riƙe muciya, ba ta iya matse wanki, ɗaurin zane ma sai an taimake ta. In aka tambayi mutanen gidan, waɗansu su ce sanyi ne ya kama ta, waɗansu su ce jifa ne, waɗansu kuwa su ce gado ne. A kwana a tashi kowa ya saba da ganinta haka, sai ka ce da haka aka haife ta.

Ciwon nan yana da suna, yana kuwa da magani. Abin da muke so mu duba a wannan wata shi ne dalilin da ya sa wata mace takan kamu da shi, ta ci gaba da aikinta har tsufa, wata kuma ta kamu da shi ɗin nan, amma kafin shekara 10 ta zama sai an kwantar an tayar. Za mu ga cewa yawancin bambancin yana cikin aljihu, da nisan hanya, da zurfin karatu, da irin matsayin da mace take da shi a gidan mijinta.

WANE IRIN CIWO NE?

Bahaushe yakan tara ciwon gaɓoɓi duka a ƙwarya ɗaya, ya kira shi sanyin ƙashi ko amosani. Likitoci kuwa sun rarrabe su. Akwai ciwon gwiwa da na ƙugu irin na tsufa, wanda yake zuwa sabili da gugar da gaɓa ta sha shekara da shekaru. Shi wannan yakan tsananta bayan an yi aiki, ya lafa in an huta. Akwai kuma amosanin jini, watau sikila, wanda ake haifar yaro da shi. Waɗannan dabam suke.

Namu shi ne amosani mai kumburi, babban cikinsu kuwa likitoci suna kiransa rumatoyid. Jikin mutum yana da garkuwa, watau waɗansu ƙwayoyi a cikin jini masu yaƙi da cuta. A wannan ciwo garkuwar ce take rikicewa, ta juya ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa. Tantanin ya kumbura, ya tara ruwa, ya ɗauki zafi, a hankali kuma ya dinga cin guringuntsi da ƙashin da suke kusa da shi, kamar yadda gara take cin ƙyaure daga ciki. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsu, da wuyan hannu, da ƙafa, dama da hagu tare. Babbar alamarsa ita ce ƙagewa da safe. Mai ciwon yakan tashi hannu a sandare, sai ya yi rabin sa'a, ko sa'a guda, ko fiye, kafin ya iya dunƙule shi. Ga gajiya, ga rama, ga ƙarancin jini. In ya daɗe ba magani yakan taɓa zuciya da huhu da ido, har ya rage kwanan mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne suke da shi a duniya, kashi 70 cikin 100 kuwa mata ne.

"AI CIWON TURAWA NE"

An daɗe ana cewa baƙar fata ba ya yin wannan ciwo, maganar kuwa tana da asali. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita Bature, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki a Zariya a kan sanƙarau, ya bincika marasa lafiya a asibitin koyarwa na Ibadan, ya tarar masu wannan ciwo kaɗan ne, nasu kuma bai kai na Ingila tsanani ba. A 1993 aka buga wani bincike da aka yi a ƙauyukan kudancin Nijeriya, inda aka duba mutum wajen 2,000, ba a sami ko ɗaya mai shi ba. A Afirka ta Kudu kuma, a 1975, aka nuna cewa ya fi yawa a cikin baƙar fata mazauna Soweto fiye da 'yan'uwansu na karkara.

Mai yiwuwa ne a ƙauye ciwon bai kai na birni yawa ba. Amma a ganinmu maganar ta jawo ɓarna, gama malamin asibitin da aka koya masa cewa ciwo kaza ba na nan ba ne, ba zai neme shi ba ko da yana gabansa. Sa'ad da aka sami ƙwararru suka buɗe ƙofa, sai ga masu ciwon suna fitowa. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga labarin mutum 200 na fari da suka gani da wannan ciwo a wani asibitin ƙwararru a Legas. Abin da ya fi tsaya mana a rai a cikin labarin shi ne, in aka daidaita, kowannensu ya yi fiye da shekara 5 yana fama kafin ya kai ga ƙwararren likita. A Legas ke nan, inda likitoci suka fi yawa a ƙasar.

DAGA BAZARA ZUWA KAKA

Shekara 5 ɗin nan ita ce tushen matsalar. Ƙashin da ciwon ya cinye ba ya komowa. Yatsan da ya karkace, ko an tara magungunan duniya ba zai miƙe ba. Amma in aka fara magani na ainihi a cikin watanni 3 zuwa 6 na fari, sau da yawa akan kwantar da ciwon tun bai taɓa ƙashi ba, har mutum ya zauna kamar ba shi da kome. Don haka a Ingila ƙa'idar likitoci ita ce a fara maganin, in da hali, kafin a cika wata 3 da farawar kumburi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, bari mu buga misali da mata biyu, waɗanda ciwon ya kama su a wata ɗaya, watan Mayu. Ta fari ma'aikaciyar gwamnati ce a Jos. Ta ga yatsunta sun kumbura, zobenta ya ƙi fita, ta nemi izini a ofis ta tafi asibiti. Aka yi mata awon jini, aka tura ta wurin ƙwararre a asibitin koyarwa, wanda ba shi da nisa da gidanta. Kafin watan Agusta ta fara shan magani. Albashinta kuwa yana zuwa ko ta je aiki ko tana layin asibiti.

Ta biyu tana wani ƙauye, tafiyar yini guda daga asibitin koyarwa. Watan Mayu a wurinta lokacin shuka ne. Kuɗin da yake gidan an sa a taki da iri, rumbu kuma ya yi ƙasa. In ta yi maganar asibiti, maigida zai ce a bari sai kaka, in an sayar da masara. Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, lissafi ne. Amma daga Mayu zuwa Nuwamba wata 6 ke nan, watau daidai watannin da suka fi kowane lokaci daraja a wannan ciwo, sun tafi tana duƙe a gona da fartanya.

Ko da kaka ta yi, tafiyar da sauran nisa. A ɗakin shan magani na kusa za a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a ba ta allura. A babban asibiti za a ce sanyi ne, a ba ta maganin zafi. In an yi sa'a wani likita ya gane ciwon ya ba ta takarda zuwa Zariya, ko Jos, ko Kano, ko Maiduguri, gama ƙwararrun wannan ciwo kaɗan ne ƙwarai ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, kusan dukansu kuma a asibitocin koyarwa suke. Can ɗin sai kuɗin motar mutum biyu, da na kati, da na awon jini, da na hoton ƙashi, da wurin kwana. Sa'an nan a ce su dawo mako mai zuwa su karɓi sakamako. Mutane da yawa a nan suke karaya, su koma gida ba su sāke dawowa ba.

Kada mu manta kuma, yawancin masu ciwon mata ne. Namiji in hannunsa ya kumbura, shi ne mai jakar kuɗi, ba ya neman izinin kowa. Mace kuwa sai ta roƙa, ta kuma sami wanda zai riƙe mata yara da girki kafin ta dawo. Ciwon da ba ya kwantar da mutum farat ɗaya, ba ya zub da jini, ba ya kawo suma, ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba. Har akan sami uwar miji ta ce ƙyuya ce kawai.

KEMIS YA FI KUSA

Wanda asibiti ya yi masa nisa ba zai zauna haka kawai ba. Za a je wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho. Za a sayi jiƙe-jiƙe a kasuwa. Waɗansu daga cikinmu sukan yi watanni suna zagaya gidajen addu'a ana neman wanda ya yi jifan. Yi wa marar lafiya addu'a wajibi ne a kanmu, amma bai kamata ta zama dalilin ƙin kai shi asibiti ba. Daga ƙarshe dai kowa a kemis yake ƙarewa, a haɗa masa ƙwayoyi a 'yar leda, fari da ja da rawaya, ba suna ba takarda.

A cikin haɗin nan akan sami iri biyu. Na fari magungunan kashe zafi ne irin su dikilofenak da ibufurofen. Suna rage ciwo da gaske, amma ba sa hana cin ƙashi ko kaɗan, in kuma aka daɗe ana sha sukan kawo gyambon ciki, da zubar jini a ciki, da lalacewar ƙoda. Na biyu shi ne firednisolon da deksa, wanda 'yan mata suke kira sha ka fashe. Shi wannan yana da tarihi. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya ba wata mace mai wannan ciwo kotizon, watau kakan waɗannan magunguna. Matar da take kwance, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana yawo. Duniya ta ɗauka an gama da ciwon, har aka ba shi lambar Nobel a 1950. Ba a daɗe ba aka ga abin da maganin yake yi in an ɗore a kansa: fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon sukari su shigo, ƙashi ya yi rauni har ya karye da ƙaramin faɗuwa, yana ta rufe ido, jiki kuma ya kasa yaƙi da cuta. Likitoci suna amfani da shi har yanzu, amma kaɗan-kaɗan, na ɗan lokaci, kafin maganin ainihi ya kama. Talaka kuwa yakan yi shekaru a kansa, gama shi ne mai araha, shi ne kuma yake sa a iya tashi a tafi gona gobe. Wanda ya daɗe yana sha, kada ya bari farat ɗaya, akwai hatsari a cikin haka. Sai likita ya rage masa a hankali.

MAGANIN BA SHI DA TSADA, AMMA...

Mai karatu zai zaci maganin ainihin na masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Babbansu, metotirekset, tsohon magani ne, an yarda da shi domin wannan ciwo a Amurka tun 1988, yana kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a rasa su a kowace ƙasa. Akwai sulfasalazin, akwai kuma haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani na zazzaɓi. In aka tara abin da gida yake kashewa a kemis da wurin masu tsaga a shekara, sau da yawa da ya isa sayen waɗannan.

Sai dai maganin yana da sharuɗɗa, kowane sharaɗi kuwa ya fi nauyi a kan marar hali. Metotirekset sau ɗaya ake sha a mako, rana ɗaya tak. Wanda ya sha shi kowace rana kamar sauran ƙwayoyi zai iya rasa ransa. To, yaya tsohuwar da ba ta iya karatu za ta yi, in an rubuta mata a jikin leda aka ce ta tafi? Ana haɗa shi da folik asid, irin wanda ake ba masu ciki, domin rage illarsa. Ba ya shiri da giya ko burukutu, gama dukansu biyu hanta suke taɓawa. Ba ya shiri da Septrin, wanda ake saye a kowane kemis ba tambaya. Kafin a fara sai an auna ko mutum yana da ciwon hanta irin na B, wanda binciken 2018 ya nuna wajen mutum 1 cikin 12 na manya a Nijeriya suna ɗauke da shi. Bayan an fara kuma sai an dinga awon jini loto-loto, kowane awo da kuɗinsa da kuɗin motarsa. Mai ciki ba ta shansa, haka mai neman ciki, gama yana ɓata jariri. Amaryar da dangin miji suka zuba wa ido tana cikin tsaka mai wuya ke nan, in ba a gaya mata cewa akwai waɗansu magungunan da za a iya canja mata ba.

Bugu da ƙari, maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 6 zuwa 12. Wanda ya saba da deksa mai aiki a kwana ɗaya, in ba a zaunar da shi an bayyana masa ba, zai sha na wata guda ya ce ba ya yi, ya watsar. Ciwon kuma ba irin wanda ake sha a warke a manta ba ne. Shekara da shekaru ake yi ana sha. In kuɗi ya yanke wata 2, kumburi ya dawo, abin da ya ci a wannan tsakani ya ciwu ke nan.

Tun daga 1998 aka sami sababbin allurai masu ƙarfi domin waɗanda metotirekset bai ishe su ba. A ƙasashen masu arziki sun canja rayuwar mutane da yawa. A nan kuwa kuɗin wata guda ya fi albashin malamin firamare, sai an ajiye su a firji, sukan kuma ta da tarin fuka da yake kwance a jiki. Ga yawancin gidajenmu labarinsu kawai ake ji.

Wa yake biya? A Nijeriya wajen kashi 3 cikin 4 na dukan abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Shirin inshorar lafiya da aka fara a 2005 ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fi amfana. A 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshora ga kowa, jihohi irin su Kaduna da Filato da Kano ma sun kafa nasu hukumomi, amma har yanzu yawancin manoma da 'yan kasuwa ba sa ciki. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na magani suka tashi tare, gama yawancin waɗannan magunguna daga waje ake kawo su.

KO INDA ASIBITI KYAUTA NE

Da kuɗin magani ne kaɗai matsalar, da a Birtaniya, inda ganin likita yake kyauta tun 1948, talaka da mai kuɗi za su zama ɗaya. Amma binciken da aka yi a Gilasgo ta Sikotilan a shekarun 1990 ya nuna cewa masu ciwon da suke zaune a unguwannin talakawa sun fi naƙasa, sun kuma fi mutuwa da wuri, ko da yake asibiti ɗaya suke zuwa da sauran.

Wani bincike na Amurka ya fi ba mu mamaki, mu da muke aikin koyarwa. A 1985 Theodore Pincus da Leigh Callahan suka buga labarin mutum 75 masu wannan ciwo da suka bi har shekara 9. Cikin 20 da karatunsu bai wuce shekara 8 ba, 9 sun mutu. Cikin 34 da suka yi shekara 9 zuwa 12 a makaranta, 10 sun mutu. Cikin 21 da suka wuce haka, mutum 1 ne ya mutu. Mutanen ba su da yawa, amma binciken da aka yi daga baya a ƙasashe dabam dabam ya bi wannan sawu. Ba takardar shaida ce take warkar da gaɓa ba, ko kusa. Mai karatu yakan sami aikin zama a inuwa, wanda ba ya murƙushe hannu. Yana iya karanta takardar magani. Ba ya jin tsoron ya tambayi likita, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba, a sāke mini bayani." Marar karatu yakan ce "to" ya fito, alhali bai fahimci kome ba. Shan taba ma, wanda yake jawo ciwon yana kuma rage ƙarfin maganinsa, a ƙasashen nan ya fi yawa a cikin talakawa.

A 2009 wata likita 'yar Finlan, Tuulikki Sokka, da abokan aikinta suka gwada mutum 6,004 a ƙasashe 25. Suka tarar bambancin tsananin ciwo tsakanin mutanen ƙasashen masu arziki da na marasa arziki ya fi bambancin da yake tsakanin masu shan manyan magunguna da waɗanda ba sa sha. A shekarar da ta biyo suka nuna cewa fiye da kashi 1 cikin 3 na waɗanda suke aiki sa'ad da ciwon ya kama su sun bar aiki saboda shi. A ƙasashe marasa arziki kuwa mutane sukan ci gaba da aiki da ciwon da ya fi tsanani nesa, gama in sun zauna ba mai ba su.

ABIN DA YAKE CI A CIKIN GIDA

Talauci yana tsananta ciwon, ciwon kuma yana ƙara talauci. Macen da take suyar ƙosai, ko saƙa, ko ɗinki, da hannu take ci. Ranar da hannu ya ƙi, sana'a ta tsaya, ɗan kuɗin da take sayen littattafan yara da shi ya yanke. Aikin gidanmu kuwa duk na gaɓoɓi ne: daka, surfe, jan guga, faskare, ɗaukar tulu, tsuguno a bakin murhu da a bayan gida. Baturiya mai wannan ciwo tana murɗa famfo. Tamu sai ta ja igiya gaba 10.

Wani ne zai ɗauki aikin, mun kuwa san ko wane ne. Mu malamai mukan gan shi a littafin kiran suna. Yarinya mai ƙoƙari ta fara makara, sa'an nan fashi ran Litinin, sa'an nan a ji an ce tana gida tana taimakon mamarta. In muka tuna da abin da binciken Pincus ya nuna game da karatu, sai mu ga ciwon uwa ya riga ya miƙa hannu zuwa ga 'yar.

Yara ma suna yin nasu. Akwai amosani mai kumburi na yara, wanda yakan taɓa ido a ɓoye ba tare da zafi ba. Akwai kuma wani wanda yake biyo bayan ciwon maƙogwaro da mako 2 ko 3: zazzaɓi, da ciwo mai tsalle daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu. Gaɓoɓin sukan warke, amma yakan bar tabo a zuciya har iyakar rai. Shi wannan ciwon cunkoso ne, na ɗakin da yara 6 suke kwana a tabarma ɗaya. A ƙasashen masu arziki ya kusa ɓacewa, maganinsa kuwa fenisilin ne. Yaron da yake ɗingishi da gwiwa a kumbure, kada a ce girma ne.

TO, YAYA ZA A YI?

Ba gida ne zai gina asibitin koyarwa ba, ba kuma zumuntar mata ce za ta horar da likitoci ba. Wannan nauyin gwamnati ne, ya kamata kuma a dinga tuna mata. Amma watanni 6 ɗin nan na fari, yawancinsu a cikin gida ake ɓatar da su.

Maigida, in uwargida ta yi mako 6 yatsu ko wuyan hannu a kumbure, dama da hagu, tana tashi da safe a ƙage, kada a jira kaka. Akuyar da za a sayar a watan Yuni ta fi saniyar da za a sayar bayan shekara 5 amfani. A zumuntar mata akan yi adashi domin anko da bikin Kirsimeti. Da za a keɓe wani abu domin kuɗin motar mai zuwa asibitin nesa, a kuma sami mace mai karatu ta raka ta, ta saurari likita, ta rubuta ranar shan magani, da an ceci hannuwa da dama. Waɗansu sukan zaɓi ran Lahadi ta zama ranar metotirekset, gama rana ce da ba a mantawa. Wanda yake da ɗan'uwa a birni kusa da asibiti, ya ba da wurin kwana. A bincika kuma a ofishin inshorar lafiya na jiha ko ana karɓar waɗanda ba ma'aikata ba, da abin da ake biya a shekara.

Wadda hannunta ya riga ya karkace ma, kada a ce an makara. Magani zai hana sauran gaɓoɓin bin sawu, ya rage zafi, ya kuma tsare zuciya. A ɗaga mata murhu da wurin zama don kada ta tsuguna. A naɗe ƙotar wuƙa da ta ludayi da tsumma su yi kauri. A ɗumama mata ruwa da safe ta tsoma hannu, ta dinga motsa yatsu a hankali, gama gaɓar da aka bari ba motsi takan ƙara sandarewa.

Ranar da za a tafi asibiti, a nemi likitan da ya fara dubawa ya ba da takardar turawa zuwa wurin ƙwararren amosanin gaɓoɓi, a tambayi ranar da yake ganin mutane tun kafin a hau mota, gama a yawancin asibitoci ba kullum yake zama ba. A tafi da dukan kwalaye da ledojin magungunan da aka sha, har da na gargajiya, domin likita yana bukata ya san ko an daɗe a kan deksa kafin ya rubuta kome.